Yadda aka gano yagewar jijiya a kafaɗata, da aikin da na sha kafin hannu ya koma sama

Aikina duk a sama yake. Ni mai haɗa wutar lantarki ne a Yamai, tun ina saurayi da na baro Ader nake wannan sana'a, yanzu kuwa na haura shekara hamsin. Jan waya ta cikin silin, huda kankare, ɗaura fanka, maƙala fitila, babu wanda ake yi hannu yana ƙasa. Idan zafi ya kankama daga watan Maris zuwa Mayu kowane gida fanka yake nema, sai mutum ya wuni bisa tsani, wuya a lanƙwashe, hannuwa biyu sama da kai.

Ciwon bai zo rana ɗaya ba. Da farko wani ɗan tsami ne a gefen kafaɗar dama, yana sauka zuwa tsakiyar damtse, ba ya wuce gwiwar hannu. Da rana aiki yana ɗauke mini hankali. Dare ne abin tsoro: in na juya na kwanta a ɓangaren dama sai ciwon ya tashe ni, in zauna bakin gado ina riƙe da damtse har a kira asalatu. Sannu a hankali ya shiga cikin ƙananan abubuwa. Zura hannu a riga ya zama aiki. Shafar kai a alwala sai na sunkuyar da kan ya tarbi hannun. Wajen kabbara hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a hanya. Sannan wata rana a wani gida ina riƙe da kan fanka, yarona yana ɗaure ƙusa, sai ta suɓuce. Na tare ta da hannun dama kafin ta faɗi, na ji wani abu ya tsarge ni a cikin kafaɗa. Daga ranar ko butar alwala ba na iya ɗagawa in hannun yana miƙe.

Kamar kowa, wurin mai ɗori na fara zuwa. Dattijo ne da na sani, na ga karayar da ya ɗaure ta warke sumul, kuma har gobe ina ganin girmansa. Ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau yake, targaɗe ne. Ya ja hannun, ya murza da man shanu, ya yi tofi. Maganarsa a kan ƙashi gaskiya ce, daga baya hoto ya tabbatar da ita. Amma abin da ya lalace ba ya cikin abin da yatsa ke iya taɓowa daga waje, jan da aka yi kuwa sai ya ƙara hura ciwon. A wurin aiki kuma kowa da shawararsa, mafi yawa tramol. Wannan kam na ƙi. Na ga yadda ƙwayar nan take mayar da leburori majiya ƙarfi, mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa bai ji ba, jiki yana lalacewa a ƙarƙashi, ga shi kuma ba ya iya fita aiki sai ya haɗiya. Magani ne na asibiti, ba na tire ba.

Uwargida ce ta matsa, ta ce, "Malam, wata nawa ke nan ba ka barci? Gobe in Allah ya kai mu ka je a duba ka." Na je wani asibiti a cikin gari, na yanki kati, aka tura ni wurin lokotoron ƙashi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai fara da kafaɗar ba. Tambayoyi ya yi ta yi: sana'ata, wane hannu nake aiki da shi, ko ina shan taba, ko ina da ciwon sukari, ko ciwon yana zuwa da nauyin ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ya juya wuyana dama da hagu, ya danna kaina ƙasa, ya tambaya ko na ji wani abu ya tsarga zuwa yatsu. Ya ce ciwon wuya yakan sauko kafaɗa, na zuciya ma yakan buga a kafaɗa da hannu, musamman na hagu, don haka sai an kawar da waɗannan tukuna. Sannan ya ce in tuɓe riga, ya zagaya ta bayana yana kwatanta allon kafaɗar dama da na hagu.

"Malam, ɗaga hannun ta gefe, a hankali, ka gaya mini inda ya fara."

Daga cinya zuwa ɗan nesa babu komai. Da hannun ya doshi daidai kafaɗa sai ciwon ya kama, na cije na wuce, da ya kusa kunne kuma sai ya lafa. Wajen saukowa ma haka, a daidai wurin nan ya sake kamawa. Ya ce wannan tsakiyar, daga wajen digiri 60 zuwa 120, ita suke nema. Sai ya ce in saki jiki, ya ɗauki hannun da kansa ya kai shi har sama, ya tafi ba gardama. Wannan ya nuna masa gaɓar ba ta sandare ba. Akwai wani ciwon da kafaɗa ke daskarewa, wanda ya fi kama masu ciwon sukari, shi ko wani ne ya ɗaga maka hannun ba zai tafi ba.

Daga nan ya bi tsokokin ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, na tura tafin hannu waje yana tarewa: akwai ƙarfi, da ɗan ciwo kaɗan. Ya sa na kai bayan hannuna kan ƙugu ta baya, ya ce in ture hannunsa: na ture. Sai na ƙarshe. Na miƙa hannuwa biyu daidai kafaɗa, ba gefe sosai ba, an ɗan karkato su gaba, manyan yatsu suna kallon ƙasa kamar mai juye ruwa daga kwalba. Ya dafa wuyan hannuwana da yatsu biyu kawai ya danna. Na hagu ya tsaya ƙyam. Na dama ya faɗi nan take, da wani zafi da ya sa na yi salati da ƙarfi. Ni da nake riƙe injin huda kankare sama da kai, yatsu biyu suka kayar mini da hannu. Ya gyaɗa kai ya rubuta takarda biyu, ɗaya ta radiyo, wato hoton ƙashi, ɗaya ta wani hoton da ake kira eko, ya ƙara da awon sukari.

Radiyo ta fito ƙalau, ba karaya, ba gocewa. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su ce asibiti ba a ga komai ba, su koma gida da ciwonsu. Radiyo ƙashi take gani, ba ta ganin tsoka da jijiyar da ke ɗaure ta. Eko kuwa, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita, ita ce ta nuna abin. Na zauna bisa kujera marar jingina, mai dubawar ya shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi, ya sa na kai tafin hannu kan aljihun baya don jijiyar ta fito daga ƙarƙashin ƙashi. A gilashin na ga wani farin zare-zare mai lanƙwasa, a kusa da ƙarshensa kuma ga wani ɗan baƙin gurbi. Ya tsayar da hoton, ya auna, ya ce jijiyar tsokar sama ce ta yage, amma ba ta tsinke duka ba, kuma ƴar jakar ruwan da ke bisanta ta kumbura. Lokotoro da ya karanta ya ce ba sai an kai ga IRM ba, wato babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ba kuma sai an yi mini aikin fiɗa ba a yanzu. Ya rubuta maganin kumburi na ɗan lokaci, ya ce a sha bayan an ci abinci saboda ciki, ya hana ni duk wani aikin sama da kai, ya tura ni wurin kine, masu gyaran jiki da motsa gaɓoɓi.

Na yi tambayar allura, don na ji ana yi. Ya ce akwai, ana yin ta a ƙarƙashin rufin kafaɗa in ciwo ya hana mutum motsi da barci, tana kwantar da kumburi, amma ba ta ɗinke jijiya, kuma yawan maimaita ta yana raunana jijiyar. Ya ce mu ajiye ta sai in an rasa yadda za a yi. Ba a kai ga yin ta ba.

Kinen saurayi ne, sa'an ɗana na fari, Bazabarme mai jin Hausa sosai. Shi ne ya zaunar da ni ya nuna mini abin da ke cikin kafaɗata, kuma da bai yi haka ba da ban jure abin da ya biyo baya ba. Ya ɗauko ƙasusuwan roba daga kan kabad ya ɗora a gwiwata.

"Baba, duba nan. Wannan kan ƙashin damtse ne, wannan kuma gurbin da yake zama."

Na ɗauka zan ga rami mai zurfi kamar na ƙugu. Ashe gurbin ɗan fili ne marar zurfi a gefen allon kafaɗa, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Tulu ne a kan gammo: babba mai zagaye bisa ƙaramin mazauni, in babu hannun da ke dafe da shi zai gangara. Saboda rashin zurfin nan ne hannu yake iya zuwa gaba, baya, sama, ya zagaya, abin da babu wata gaɓa a jiki da ke iya yi kamarsa. Saboda shi ne kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Abin da ke dafe da ita tsoka huɗu ne, duk daga allon kafaɗa suke tasowa, jijiyoyinsu su haɗu su lulluɓe kan ƙashin ta gaba, ta sama da ta baya. Su ma'aikatan asibitin nan kwaf suke ce wa huɗun a haɗe.

Ya sa na kai hannun hagu bayan kafaɗar dama, na taɓa wani ƙashi da ya gitta allon kamar tudu. A saman tudun akwai kwari, a cikinsa tsokar sama take kwance, wadda suke kira sufura-efine. Jijiyarta tana bi ta ƙarƙashin wani rufin ƙashi, akuromiyon, wato tsinin da kake taɓawa a ƙololuwar kafaɗarka, ta je ta kama gefen kan ƙashin damtse ta sama. Ita ce ke taya fara ɗaga hannu ta gefe, kuma ita ce tawa da ta yage. A ƙarƙashin tudun akwai babbar ta baya, infira-efine, da ƙaramarta a gindinta, feti-ron. Su biyun suke juya hannu waje, kamar in za ka kai hannu ƙeya ko ka yi jifa. Ta huɗun ba a taɓa ta daga waje, tana fuskar allon ta ciki, tsakaninsa da haƙarƙari, su-eskafile, ita ce mafi girma da ƙarfi a cikinsu. Tana kama kan ƙashin ta gaba, tana juya hannu ciki, kamar wajen ɗaura zariyar wando ko kai hannu baya.

Na ce masa, to ɗana, ai ni naman kafaɗata bai rame ba, ga shi nan cike da hannu. Ya ce wannan da nake taɓawa daban ne, deltoyid ke nan, babbar tsokar waje inda ake yin allurar rigakafi, ita ce mai ƙarfin ɗagawa. Amma in hannu yana ƙasa jan da take yi sama take yinsa, kai tsaye. Ya kama ƙashin robar ya tura shi sama, kan ƙashin ya bugi rufin. Ya ce da ita kaɗai ce, haka za ta riƙa yi kullum. Aikin huɗun nan shi ne su matse kan ƙashin cikin gurbinsa, su riƙe shi a tsakiya, na ƙasa su ɗan ja shi ƙasa, don babbar ta samu abin dogaro ta juya hannun ya tashi. Tazarar da ke tsakanin kan ƙashi da rufin wajen santimita 1 ce kawai, kuma a cikinta jijiyar sama da jakar ruwanta suke. In huɗun suka gaji, kamar yadda suke gajiya ga wanda ya wuni hannu a sama, kan ƙashin yana ɗan hawa, tazarar ta ragu, jijiyar ta matsu. Wani lokotoron Amurka, Charles Neer, ya yi bayanin wannan matsewar a 1972. Ƙari a kan haka, kusa da inda jijiyar sama take kama ƙashi jini ba ya isa sosai, shi ya sa can ne take fara lalacewa in shekaru sun ja, kuma shi ya sa ba ta saurin warkewa. Taba da ciwon sukari suna ƙara dagula lamarin.

Wata magana tasa ta kwantar mini da hankali fiye da magani. Ya ce tsofaffi da yawa suna yawo da yagewa a wannan jijiyar ba su ma sani ba, don sauran tsokokin sun ɗauke nauyin. Ke nan ba sai ramin da na gani a gilashi ya toshe ba kafin in samu lafiya. Abin nema shi ne kumburi ya kwanta, sauran su yi ƙarfi, allon kafaɗa ya koyi tafiya daidai da hannu.

Farkon aikin ya ba ni haushi saboda sauƙinsa. In dafa tebur da hannun hagu, in sunkuya, in saki na dama yana lilo, jiki ne ke kaɗa shi ba tsoka ba, gaba da baya, sannan ƙananan da'ira. Ya ce wannan lilon tsoho ne, sunan wani lokotoron Boston, Codman, yake ɗauke da shi. Sai kwanciya rigingine da sanda a hannu biyu, mai lafiyar yana tura marar lafiyar sama. Sai hawa bango da yatsu, ina yin alama da alli a inda na tsaya. A gida in sayi ƙanƙara a leda, in naɗe ta a tsumma in ɗora minti goma sha biyar. Barci kuma a bayana ko a hagu, da matashi a ƙarƙashin hannun dama don kada ya rataya. Wannan dabarar matashin ita ta fara dawo mini da barci.

Da ciwon dare ya ragu sai aka shiga ƙarfafawa, nan ne ainihin wahalar take. Da fari turawa ce ba motsi: in tsaya jikin ƙofa, gwiwar hannu a lanƙwashe, in tura bayan hannu jikin katako, in ƙirga goma, in saki. Daga baya ya kawo roba mai talewa. Tasu ta asibiti launi-launi ce, kowane launi da taurinsa. Ni na je kasuwar Katako na samo tsohuwar robar cikin tayar keke, na tsaga ta a tsaye, na kai masa ya gwada taurinta ya amince. In ɗaure ta a mariƙin ƙofa, in naɗe tawul in matse shi tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, in ja robar waje a hankali, in mayar a hankali fiye da yadda na ja. In tawul ɗin ya faɗi, to na yi ha'inci, babbar tsoka ce ta karɓe aikin. Kafin in kai goma sha biyar sai in ji wani zafi can cikin bayan allon, wurin da ban taɓa sanin akwai nama mai gajiya ba. Yakan tsaya a bayana ya ɗora yatsa a saman kafaɗata.

"Baba, sauke kafaɗa. Kana kai ta kunne. Ja allon baya, ƙasa, yauwa, yanzu ja robar."

Wannan ɗage kafaɗar shi ya fi ba ni wuya in bari, don jiki ya saba da shi tun lokacin da yake guje wa ciwo. Ya ba ni ƙa'ida: ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi, muddin ya kwanta kafin washegari. In ya kwana ya tashi da ni, to an zarce, a rage.

An yi wani lokaci a tsakiya da alamar allin ta ƙi gaba. Ga kuɗin zama wurin kine, ga na taksi, ga aiki yana wuce ni a lokacin da aka fi samu. Yarana biyu suke hawa tsani, ni ina ƙasa ina haɗa allon fis da soket, ina nuna musu da baki. Wasu masu gida ba sa yarda, su ce ni suka kira ba yara ba. Na gaya wa kinen halin da nake ciki, ya rage mini yawan zuwa, ya rubuta mini abin da zan riƙa yi a gida safe da yamma, in zo lokaci-lokaci ya duba ya ƙara nauyi. Tun farko sun ce in ba abin wata uku kafin a yanke hukunci, kuma haka ya ɗauka kafin in ga canji na gaske. Zuwa asibitin ba shi ne maganin ba, robar nan ta jikin ƙofa ce, bayan sallar asuba da bayan isha'i.

Da na koma wurin lokotoro ya sake gwajin yatsu biyun nan, hannun ya tsaya, da ɗan tsami amma bai faɗi ba. Ya ba ni izinin komawa sama da sharaɗi. Yanzu tsani mai tsawo nake hawa don aikin ya zo daidai ƙirjina ko fuskata, ba can ƙarshen hannu ba. Ba na riƙe fanka ni kaɗai, yaro yana tallafe da ita ina ɗaurewa. Huda kankaren sama na bar wa matasa, su ma ina sauko da su su huta, kuma na sa su jan roba, suna dariya suna yi. Kaya mai nauyi ina ɗaukarsa manne da jiki. In na yi sakaci da robar na ɗan lokaci kafaɗar tana tuna mini da dare.

Ba kowace yagewa ce ake bi da ita ta wannan hanyar ba, wannan ma sun ja mini kunne a kai. Wanda ya faɗi ko aka fizge masa hannu, nan take kuma ya kasa ɗaga shi ko kaɗan, alhali radiyo ba ta nuna karaya ba, ana tsoron jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Irin wannan ba a jira, domin tsokar da ta rabu da ƙashi tana janyewa baya, a hankali kitse ya maye gurbin namanta, har ta kai ba a iya jawo ta a ɗinke. In an yi aikin kuma, hannu zai zauna a rataye mako huɗu zuwa shida, sannan a shiga wurin kine, aikin ƙarfi sai bayan wajen wata shida. Kwanan baya wani magini da muke haɗuwa a wuraren gini ya zamo daga kan katako, ya tare da hannu. Na same shi a unguwar Bukoki yana tallafe da damtse, an riga an murza masa sau biyu. Na ce ya ɗaga hannun ta gefe, kafaɗar ce kawai ta hau, hannun bai bar cinya ba. Na ɗaga masa shi har daidai kafaɗa na ce ya riƙe, ina saki ya faɗi. Ban bar shi ya koma gida ba, na tare taksi muka wuce asibiti, na ce wa ƙanensa ya biyo mu da kuɗin eko.